Awon Caifeng a Ranar Shigowar Zafi

Lou Agen ya yi shekara arba'in yana auna ganyen shayi a ƙauyensu da ke bayan garin Shaoxing, da sandar awon da ya gada wurin mahaifinsa, mai awo da ma'aunin da ake kira jin, wajen rabin kilo, wanda ke da ƙananan liang goma sha shida. Bai taɓa faɗin abin da sandar ba ta nuna ba.

Duk shekara, ranar bikin shigowar zafi, shi ke auna mutanen gari. A rataya sandar a reshen bishiya, a ɗaura kujerar gora a ƙugiya, kowa ya hau. Ƙa'ida ɗaya ce: dutsen awon da ke rataye a sandar gaba ake tura shi, wajen ƙarin nauyi, ba a ja da shi baya, don ba a yi wa mutum fatan raguwa.

Bana matarsa Caifeng ta tashi daga doguwar jinya. Bara nauyinta jin tamanin da takwas ne. Ɗansu da ke birni ya zo bikin, ya ce in ta ragu, zai ɗauke ta ta koma wurinsa. Ita kuwa ba ta son barin gidanta, Agen ma bai san yadda ake kwana babu tarinta ba.

Ta hau kujera. "Tsoho, hannunka ne ke rawa ko sandar?"

"Zauna daidai, tsohuwa. Ke ce ba ki iya zama wuri ɗaya ba."

Ya faro dutsen daga can ƙasa, yana turawa a hankali. A tamanin da biyar sandar ta daidaita. Ya tsaya kallon sandar: ta ragu da jin uku ke nan.

Maƙwabciyarsu Gwaggo Xu ta matso da kwandon dafaffen ƙwan bikin, ta ɗora a cinyar Caifeng. "Riƙe mini, bayana ya gaji."

Wata ta ƙara tsiron gora biyu. Wani mai kifi ya miƙo ƙunshin shinkafa, wai hannunsa ƙarni yake. Sandar ta ɗaga kai. Agen ya tura dutsen gaba.

"Tamanin da takwas," ya ce, "har da kayan da ke cinyarta."

"Wa ya tambaye ka ƙarshen maganar?" in ji Caifeng.

Ɗan ya dubi ƙwan, ya dubi matan da suka kewaye uwarsa. Ya ce to, a sake awo in zafi ya wuce, amma kafin nan ta cinye abin da ke cinyarta.

Agen ya ɓare mata ƙwan farko tun ba ta sauko ba.