Kalmomin da ba sa karɓar faci

Tun ina saurayi Mai Faci yake ƙarƙashin bishiyar da ke bakin titinmu, da bahon ruwansa baƙi ƙirin, da injin iska mai tari kamar tsohon mashayin taba, da benci wanda ƙafarsa ɗaya bulo ne. Ni kuwa malamin Turanci ne da ya yi ritaya, na kuma rantse ba zan ƙara koya wa kowa komai ba, don 'ya'yan mutane sun cinye mini murya da haƙuri. Wata rana na kai masa babur ɗina. Yana danna tub cikin ruwa yana neman inda kumfa ke fita, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, Turanci nake so ka koya mini."

Na ce, "Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa ba? Da wannan furfurar?"

"Ba duka nake so ba. Na abin da ya wuce kawai."

Sai ya ba ni labarin da na san rabinsa. Ɗa guda Allah ya ba shi, wanda duk unguwa ke kira Dogo. Dogo ya tafi wata ƙasa neman aiki da matarsa, a can ciwo ya ɗauke shi, ya bar jaririya. Matar ta sake aure a can. Yarinyar yanzu ta shiga makaranta, ba ta jin Hausa ko ta sannu. Uwar ta yi alkawarin idan an yi hutun ƙarshen shekara za ta haɗa su a waya, su ga juna. Abin da Mai Faci yake so shi ne ya gaya wa jikarsa, da bakinsa, ko wane ne ubanta.

Rantsuwata ta tashi a banza. Kullum da hantsi ina kan bencin nan, shi yana ɓare taya ni ina ɓare baki. Ba ya karatu, don haka da kunne muka yi komai. Na ce masa yawancin kalmomin aiki, idan abu ya wuce, ɗan ƙari ake liƙa musu a wutsiya: *walk* ya zama *walked*, *play* ya zama *played*. Ya ce, "Wato faci." Na ce wasu kuma ba haka ba ne, *go* sai ya koma *went*, *buy* ya koma *bought*. Ya ci gaba da shafa sholisho a kan faci, can ya ce, "Waɗannan ba sa karɓar faci, sai an canza tayar ɗungurungum." Na daɗe ina koyarwa, ban taɓa jin an raba su haka ba, kuma daga ranar duk kalmar da na kawo sai ya tambaya, "Ta faci ce ko ta canji?"

Kada a ɗauka yana da saurin ganewa. Wallahi ba shi da shi. *Goed* ɗin da yake ta faɗa a maimakon *went* ta kusa raba mu. Da muka zo inda ake cewa abu bai faru ba, na ce idan ka sa *didn't* a gaba sai ka mayar da kalmar yadda take tun farko, ya aje guduma ya ce, "Sai da na sha wahala na liƙa za ka ce in ɓare? Mutanen nan ba su san darajar aiki ba." Na yi masa tsawa har masu babur suka juyo. Su ma suka samu abin yi, suna zuwa suna cewa, "Bature, a ƙara mini iska." Bai taɓa kula su ba.

Na so in koya masa gaisuwa da 'yar hirar yau da kullum, ya ƙi. Ya ce kansa kamar tsohon tub ne, idan aka cika iska zai fashe, a zuba abin da ake buƙata kawai. A hankali ya harhaɗa labarin Dogo jimla bayan jimla, ga yadda yake faɗa: An haife shi da damina. Ya faɗa cikin bahon nan yana rarrafe. Ya lalata mini famfo ya ce akuya ce. Ya tafi makaranta ba takalmi. Bai so aikin taya ba. Ya saya mini waya. Kalma ɗaya ce ta tsaya masa a wuya, wadda ake faɗin mutuwa da ita. Da na ce masa *died* ce, ya dube ni ya ce, "Wannan babban abu, shi ma faci kawai?" Ya iya ta sarai, amma duk sanda ya iso wurin sai ya tashi ya je duba injin iska.

Ranar alkawari ya rufe aiki tun azahar. Ya wanke hannu da fetur da sabulu har fata ta yi fari, baƙin ƙumba dai ya ƙi fita. Ya sa rigarsa ta fita unguwa ya zo falona, don a can waya ta fi kamawa. Na jingina masa ita da kwalbar ruwa a kan tebur.

Surukarsa ce ta fara bayyana. Ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi jiki, sannan ta rage murya. "Baba, akwai maganar da zan yi kafin in kira ta. Ba mu gaya mata ba. Mijina take kira Baba, shi ta buɗe ido ta gani. Na ce mata kai tsohon maƙwabcinmu ne. Don Allah ka gaishe ta kawai, kada ka ta da abin da ya wuce."

Ya ce, "Har yaushe, 'yata?"

"Sai ta girma, Baba. Ka yi haƙuri."

Sai ga yarinyar. Goshin Dogo ne sak, har da wushiryar. Ta ɗaga hannu ta tambaye shi da Turanci yaya yake. Mai Faci ya buɗe baki. Duk abin da ke cikinsa an hana shi faɗa, abin da aka yarje masa kuma bai koya ba. Ya waiwayo ni kamar ɗalibin da aka tsayar gaban allo. Na raɗa masa amsar, ya maimaita. Yarinyar ta yi murmushin da yara ke yi wa baƙin iyayensu, ta ce wa uwarta wani abu, ta ruga da gudu. Shi ke nan.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce ya sake kira, jikarsa ce, jininsa ce, ba wanda ya isa. Ya ce, "Malam, ita ta raine ta. Ni ko goyo ban yi ba." Ya ninke hularsa ya sa a aljihu ya fita, ko ruwan da na zuba masa bai taɓa ba.

Washegari yana bakin aiki. Na ce to, yanzu sai mu koyi na yau, ko za a sake haɗa su. Ya ce, "Me zan ce mata na yau? Ina faci, ina tari." Surukar kuwa ba ta ƙara kira ba, hoton yarinyar da takan aiko jifa-jifa ma ya tsaya.

Har yanzu ina zama a bencin. Idan ya tayar da injin, yana zaton ƙarar ta rufe muryarsa, sai in ga leɓensa na motsi. Jimlolin sun fara zubewa, *goed* ta dawo, ni kuma na daina gyarawa. Kwanan baya yana ɗaure mini taya ya ce, "Malam, idan ta girma ta zo ba ta same ni ba, kai dai ka riƙe labarin ko?"

Na ce na riƙe. Na girme shi, kuma shi ma ya sani.