Tagar Ɗakin Fritz

Ku yi haƙuri da ni. Ban taɓa rubuta abin da wani zai karanta ba, kuma wanda zai fi jin haushin takardar nan babana ne, Res, shugaban ƙungiyar masu wasan harbin bindiga ta ƙauyenmu. Amma yau Margrit Zaugg ke ajiye aiki a ofishin gunduma bayan shekara talatin da ɗaya, na kuma leƙa jawabin da Baba zai karanta a walimar. Babu maganar taga a ciki. To, ni sai na yi ta.

Kowace Asabar, da an ɗaga jan ƙyallen fara harbi a filin ƙungiyar, za ka ga Margrit bisa keke, na'urar auna ƙara a kwando, tana bin gidajen gindin tudu ɗaya bayan ɗaya. Abu biyu na dokar ƙarar harbi ta sa kowa ya haddace: ana auna ƙarar bindiga a tsakiyar taga, tagar kuma a buɗe, harbin Lahadi ɗaya kuwa uku ake ƙirga shi.

Gidan Inna Hedi ne mafi kusa da filin. Mijinta Fritz ya shekara biyu a kwance, duk harbi sai ya zabura kamar an tsikare shi. Ita ta kai kuka gunduma, ita kuma ta ba ni labarin ranar awon, don Baba bai taɓa faɗa a gida ba. Ranar, Baba ya bi Margrit har ɗakin marar lafiya.

"Margrit, iska ake yi. Tura tagar nan mana, kar mura ta kama tsoho."

"Yau kuma kai ne likita, Res? Bargo biyu ne a jikinsa."

"Haba 'yar ajinmu! Tura ta rabi kawai. Kakanki fa ya kafa filin nan. Kofin gasa nawa kika ɗauka a can?"

"Bakwai. Kai ɗaya, shi ma ranar ina zazzaɓi."

"Ba wasa nake ba. In lambar awon ta haura, mun rasa harbin Lahadi, ke kuma ba mai sake gaishe ki."

"A riƙe gaisuwar. Matsa, ka tare min hanya."

Ta buɗe tagar har ta bugi bango.

Lambar ta haura. Aka rage harbin Lahadi zuwa sau biyu a shekara. Baba kuwa bai yi ƙarya ba: shekara biyu cur, in Margrit ta ajiye farantinta a zauren ƙungiya sai teburin ya watse. Ba ta fasa zuwa ba. Ta yi harbinta, ta share bindiga, ta ci tsirenta ita kaɗai. Da aka zo tara tudun ƙasa don ya tare ƙarar, ita ta fara isowa da shebur.

Margrit, ke ce dutsen da ruwa ya gaji ya kewaye. Ke ce kika fi kowa son filin nan, amma ba ki bar son ya taɓa ma'auni ba. Inna Hedi ta ce a daminar Fritz ta ƙarshe, ran Lahadi da taga buɗe yake barcin rana, ba abin da ke shigowa sai ƙararrawar shanu. Ta ce in gode miki. Ni ma na gode. Duk wanda aka damƙa wa ma'auni, ko na hatsi ne ko na magana, ya tuna da ke ranar da abokinsa zai ce masa rabi kawai.

Ga Baba can ya miƙe yana buga cokali a kofi, a yi shiru. Zan sa takardar nan ƙarƙashin farantinki in sulale ta ƙofar kicin. Tagar zauren da kika ga a buɗe, ni ce na buɗe ta.