Dunduniyar Inna

Inna kifi take sayarwa, busasshe, wanda take sarowa a bakin kogin Gaya ta kai kasuwannin ƙauye a ƙafa. Mace ce mai tafiya kamar ana binta da bulala. Ni ce 'yar farinta, saboda haka bisa al'ada ba ta kiran sunana, ba ta nuna ta damu da ni a gaban mutane. Sai dai ta ce "waccan".

Shekara biyu kafin Nasara masu mulkin mallaka su tafi, ciwo ya kama ta a dunduniyar dama. Da asuba in ta sauke ƙafa daga gado sai ta ce kamar ta taka ƙusa. Wanzami ya yi mata ƙaho, ya yi tsaga, an gasa wurin da dutse mai zafi, duk a banza. Ta daina zuwa ƙauyuka, ta koma kasa kifi a ƙofar gida tana faɗa da ƙudaje.

A lokacin wani lokotoro Bature ya zo likitar Gaya, wato asibitin garin, da sabuwar allura, wai kortizon, wadda ake sokawa a cikin dunduniyar kanta. Ƙanwata ta yi lallashi har ta gaji.

"Allura a ɗuwawu aka san ta," in ji Inna. "Wa ya taɓa jin an soki mutum inda yake takawa? Ku ƙyale ni."

Ni kuwa ina aure a Tanda. Haihuwata ta biyu ta zo da wuya, na kwanta jinya, har aka fara jin tsoro. Ranar da labari ya isa Gaya, Inna ta miƙe. Ta ɗauki mayafi ta ce wa ƙanwata, "Taho ki kai ni wurin mai allurar nan."

Ƙanwata ta ce allurar doguwa ce, kuma Inna ba ta ko motsa ba, haƙora kawai ta cije. Lokotoro ya sa tafinta mai yi masa fassara ya faɗa mata har sau biyu: zafin zai kwanta, amma kada ta ruɗu. In ba ta huta mako biyu ba, jijiyar tana iya lalacewa, tafiyar kasuwa ta ƙare ke nan. Ta ce ta ji.

Kwana biyu ta iya daurewa. A na uku, wajen azahar, ina kwance sai na ji sallamarta a tsakar gida. Ta shigo da kwandon kifi a ka, tana jan ƙafa, dunduniyar ta kumbura suntum. Ba ta dube ni ba. Ta gaida uwar mijina, ta karɓi jaririn tana yi masa tsiya wai hancinsa ya yi faɗi. Can na ji hannunta a goshina, ɗan lokaci kaɗan, kamar kuskure.

"Kifi na kawo kasuwa," ta ce wa uwar mijina, "na ce bari in biyo."

A kan jaki aka mayar da ita gida bayan na warware, kuma ba ta sake doguwar tafiya ba har ta rasu. Ina kewarta har yau, da tsiyarta da komai. Ranar da ta zo ɗin, uwar mijina ta saye kifin duka, don kowa a gidan ya san saura kwana huɗu kasuwar Tanda ta ci.