Iskar Mars a Masussukar Ƙauyenmu

Shekarar da nake digiri na biyu a Zariya na koma gida hutu da kaka, na tarar Inna ta riga ta gama yi mini talla. Ƙauyenmu yana tsakanin Funtua da Danja, kuma babu gidan da ta shiga barka ko gaisuwa ba ta sanar da su cewa 'yarta karatun iska take yi ba. Ba ƙarya ta yi ba, rage zancen ta yi. Iskar da nake bincike a kai tana can ƙololuwar samaniyar duniyar Mars, inda babu wanda ya taɓa shanya ko tsumma.

Na taɓa yi mata bayani tana tankaɗe. Na ce rana ce ke gasa iskar can sai ta kumbura, in ta ba ta baya sai ta lafa. Kumburin nan yana bin rana yana kewaya duniyar kullum, yana hawa yana sauka a kan lokaci, har kumbon da ke shawagi a wurin yakan ji iskar ta yi kauri ko ta yi shara-shara. Aikina in zauna gaban kwamfuta in bi sawun wannan hawa da sauka.

"Kamar ƙullun waina ke nan," in ji Inna.

Na ce kusan haka ne. Ashe a duk bayanin nan kalma biyu kawai ta tsinta, iska da lokaci.

Ranar shiƙar dawarmu mata sun kai goma a masussuka, don a wurinmu taya juna ake yi. Inji ya riga ya casa, saura a ɗaga ƙwarya a zubo hatsin iska ta kwashe ƙaiƙayi. To, iskar ce ta ɗauke cak. Aka zazzauna ana jira. Ni kuma na zo kawo ruwan sha ne, da tabarau a fuska.

Cikin matan akwai Gwaggo, yayar Baba, wadda harshenta ya fi lauje kaifi. Ta daɗe tana jin tallan Inna, kuma ya ishe ta. Tana ganina ta gyara zama.

"Ga malamar iska ta iso. To, 'yar nan, ta ina za ta taso? Faɗa wa uwarki inda za ta tsaya."

Gaskiya ita ce ban sani ba. Da iskar Mars ta tambaye ni, da sai ta gaji da saurare. Amma iskar bayan gidanmu, wadda ke kewayo dutse ta ratso ta gindin tsamiya, ban taɓa kula da ita ba. Na dubi Inna. Ta tsare ni da ido tana murmushi irin na wadda ta kawo kaya kasuwa ta tabbata za su sayu. Na ji tsoron in ce ban sani ba ta ji kunya a gaban dangin miji. Sai na duba agogo, na ɗaga kai sama kamar ina lissafi, na nuna gabas da yatsa.

Ko ni na lura cikin matan babu wadda ta motsa. Inna ce kaɗai ta tashi, ta cika ƙwarya, ta je ta ba gabas baya ta ɗaga hannu sama. Ba a jima ba iska ta taso da ƙarfinta, daga yamma. Ƙaiƙayin da Inna ta zubo ya dawo mata gaba ɗaya: fuska, wuya, cikin riga, har gira. Wanda ya san ƙaiƙayin dawa ya san ba a yi masa dauriya.

Dariya ta ɓarke. Gwaggo har da riƙe ciki.

"Ƙila iskar tasu ta Mars ce ba ta iso ba tukuna," in ji ta. "Hanyar da nisa."

Inna ba ta sosa ko wuri ɗaya ba. Ta karkaɗe zane, ta juya, ta ci gaba da shiƙa kamar ba a yi komai ba. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Da la'asar, bayan ta yi wanka, na zauna ina shafa mata man kaɗanya a baya. Duk ya yi ruɗu-ruɗu. Raina ya ɓaci, da kaina da ita duka.

"Inna, shekara nawa kina shiƙa a wurin nan? Kin san ta yamma za ta zo."

"Na sani mana. Da hantsi kullum ta can take zuwa."

"To me ya sa kika tsaya inda na nuna?"

"A gaban mutane kika faɗa. In ni ban tsaya ba, wa zai tsaya?"

Na ci gaba da shafa. Ta ɗan juyo ta ce in ƙara mai a kafaɗa.

"Gobe akwai shiƙa gidan Gwaggonki, kuma za ta sake tambaya," in ji ta. "Kada ki duba agogo. Zan tsaya kusa da ke. Ki saci kallon bakin mayafina, shi zai nuna miki ta inda za ta taso, sannan ki yi magana."