Wayar Fulogi ta Uku

Motarmu a shekarun da muka yi a Hyattsville ta Amurka tsohuwar ƙaramar bas ce ta iyali, mai kujera bakwai, ruwan toka, wadda ƙofar gefenta sai an lallaɓa ta take rufuwa. A shekarar da Baba ya zo daga Zariya aka yi masa aikin ido, daidai lokacin da ganye ke zuba, sai ta ɓullo da sabon hali. Da na tsaya a danja sai ta kama karkarwa, sitiyari yana rawa a hannuna, ga wata 'yar wuta ruwan goro mai siffar inji ta kunnu a gaban direba ta ƙi mutuwa.

Ni ne ɗan farin Baba, don haka bai taɓa kiran sunana ba. "Kai" nake, in kuwa da mutane a wurin, "wancan". Bakaniken manyan motoci ne tun kafin a haife ni. Ƙannena duk sun yi birgima a baƙin man garejinsa, ni kuwa daga bakin titi nake leƙe, don ya ce boko zan yi. Kunyar ɗan fari ce, na sani, ba ƙiyayya ba. Amma ga ni da furfura a gemu, ga shi a falona, kwana tara suka rage ya koma gida, kuma duk abin da ke tsakaninmu bai wuce gaisuwa da ɗiga maganin ido ba. Ina son mu yi hira ko da sau ɗaya ne, irin ta mutum da mahaifinsa. Abin yana ci mini rai, na rasa ta inda zan ɓullo masa.

Zancen motar ma ɓoye masa na yi. Na je shagon kayan gyara, suka jona mata wata 'yar na'ura, ta ce silinda ta uku a injin ce ba ta cin wuta. Na sayi fulogi, na buɗe bonet ina jin kaina, na ƙirga ɗaya, biyu, uku daga hagu, yadda na ga injin tirela a jere tun ina leƙen gareji. Na canza. Mota ta ci gaba da rawarta, har ma kamar ta ƙara ƙwarewa.

Ran nan da safe, an kwana ana yayyafi, na ɗauko shi daga asibiti bayan an duba idon. Yana zaune a gefena da baƙin tabarau. Muka tsaya a danja, kujerarsa ta hau girgiza. Ya ɗora tafin hannunsa a gaban motar yana sauraro.

"Tun yaushe take wannan?"

"Mako biyu ke nan, Baba."

"Ta fi yi in an yi ruwa?"

Sai a lokacin na lura haka ne. Na ce e.

"In mun isa kada ka kashe ta."

A filin ajiye motoci na gidanmu, jajayen ganye sun manne a ƙasa, hazo bai gama tashi daga kan itatuwa ba. Na buɗe bonet, ɗumi ya bugo mu da warin mai. Na faɗa masa abin da na'ura ta ce da abin da na yi. Ya shafa injin da yatsunsa, ya zagaya da hannu har can baya inda ba a gani.

"Wannan ai a kwance yake ta gefe. Uku a gaba, uku a baya. Wa ya ce maka daga nan ake fara ƙirga?"

Kunya ta kama ni. Mutumin da ke aiki da na'urori a ɗakin gwajin jini, ya kasa ƙirga uku.

Ya ce in kawo tsumma busasshe da filaya mai roba a hannu. Ya nuna mini inda wayoyin fulogi shida suka haɗu. Za mu riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya injin yana tafiya. Wadda aka cire injin ya ƙara shaƙewa, lafiyarta ƙalau. Wadda aka cire bai ko kula ba, ita ce matacciya. Na miƙa masa filayar, ya ƙi karɓa.

"Hannuna rawa yake yanzu. Kai za ka cire. Rufe idonka tukuna."

"Baba, in rufe ido?"

"Idon ne ya ɓatar da kai. Rufe."

Na rufe. Ya kamo wuyan hannuna ya ɗora a kan murfin injin, ya danne da nasa. Tafinsa kaushi ne, da ɗumi. Ban iya tuna ranar da ya taɓa riƙe hannuna haka ba.

Da farko hayaniya kawai nake ji. Can sai ƙarar ta fara rarrabuwa, bugu yana bin bugu, sai wani ɗan gurbi kamar mai tafiya da ɗingishi. Ban san lokacin da Hyattsville ta gushe ba. Na ji ni a bakin titin nan na Zariya, rana tana dukan kwanon gareji, ana kwankwatsar ƙarfe, rediyo na magana a nesa, ƙamshin gasasshiyar masara yana gauraya da na gas. Sai dai wannan karon a ciki nake, a ƙarƙashin rumfar. Na so a bar ni a haka har azahar.

"Ka ji inda take tsallakewa?"

"Na ji, Baba."

"To buɗe ido, fara."

Na cire ta farko, injin ya yi kamar zai mutu, na mayar. Ta biyu ma haka. Da na cire wata da ke bi ta baya, babu abin da ya sauya. Kafin ya yi magana na ce, "Ita ce." Ya ce, "Uhm." Ashe ita ce ta ukun da na'ura take nufi. Muka kashe mota, na bi wayar na zaro ta. Ya murza ta a yatsunsa har ya tsaya a kan wata 'yar tsaga. Ta nan wuta ke zurarewa in ta sha danshi, fulogin bai yi laifin komai ba.

Muka je muka sayo sababbin wayoyi. A hanya ya ba ni labarin tirelar farko da ya sauke wa inji, da maigidansa da ya koya masa sauraro da sanda a kunne. Ni dai tuƙi nake a hankali, ina zaɓen hanya mai nisa. Motar ta daina rawa a ranar, amma 'yar wutar nan ta gaban direba ba ta mutu ba sai bayan 'yan kwanaki. Hirar ba ta sake maimaituwa ba, muka koma gaisuwa da maganin ido har na raka shi filin jirgi.

Bayan wata guda na kira gida, Inna, mahaifiyata, ta ɗauka. Muna cikin gaisawa ta yi dariya.

"Me ka yi wa mahaifinka ne? Duk wanda ya zo yi masa barka da dawowa sai ya sha labarin mota. Jiya har gareji ya sa aka kai shi, ya tara su yana cewa, wancan na Amurka ashe yana da kunne, da na sani da na bar shi ya shigo."

Ina cikin motar a filin ajiye motoci na wurin aiki. Na ce mata ana kirana, na kashe wayar, na kifa kaina a kan sitiyari na yi kuka.