Kawu Iro da Kunamar Ruwa

Kun dai san Kawu Iro, ba ya gama gaisawa da mutum sai ya yanke masa hukunci. A wurinsa mutane kashi biyu ne: ko ka zama tsuntsun nan shuɗi mai jan baki da ke kamun kifi a rafin gonarsa, ko ka zama kunamar ruwa. Tsuntsu, in ji shi, da rana tsaka yake faɗawa ruwa ya ɗauki kifinsa ɗaya, kowa na kallo. Kunama kuwa ba ka ganinta sai ka taka ta.

Matsalar ita ce duk Birnin Gwari ba wanda ya taɓa ganin kunamar nan. Wai a kogin Binuwai ta harbe shi yana saurayi, kifi ne mai faɗi kamar faifai, da wutsiya, yana lafe cikin yashi.

Na ce, "Kawu, kifi kamar faifai? Babu mai kama da matankaɗi?"

Muna tsakar cin tuwo ya ɗora mini ƙafarsa a cinya. "Wannan tabon uwarka ce ta cije ni?"

Wani ɗan takarar kansila ya zo gaisuwa, har da durƙuso. "Baba, ni wanne ne?"

"Tsuntsu ne kai. Har zuwa ranar zaɓe."

Masu tifa sun daɗe suna naci ya bar su su kwashi yashin rafin, shi kuwa ya kafe, don a gaɓar nan tsuntsun ke haƙa rami ya yi ƙwai. Wani direba ya ce, "Baba, tsuntsu fa ba ya cikin magada."

"Ya riga ubanka zuwa nan."

Ko da daji ya ɓaci, kowa ya bar gonakin nesa, shi bai fasa zuwa ba. Muka ce akwai 'yan bindiga. Ya ce, "Waɗannan ai na san inda suke. Na cikin yashi nake tsoro."

Da ya rasu, ba a yi sadakar arba'in ba tifa ta shiga rafin. Babban ɗansa, wanda kullum yake gefensa yana "gaskiya ne, Baba," shi ya nuna mata hanya.

Kwanan baya na ba 'yata labarin tsuntsun. Ta tuntsire da dariya. "Shuɗi da jan baki? A garin nan? Kai Baba!"

Ni kuwa ko tabo ba ni da shi da zan nuna mata.

Allah ya jiƙan Kawu Iro, ya kai haske kabarinsa, ya ba shi rafin da ba mai taɓa gaɓarsa. Amin.