Man Kwana Biyu

Shekara goma sha tara Gwaggo Mai Kifi tana suya a ƙofar kamfanin katifa, kuma dokarta ɗaya ce: mai ba ya wuce kwana biyu a kaskonta. Rana ta uku sai ta juye shi a tsohuwar jarka ta ba maƙwabciyarta mai haɗa sabulu. Da suyar nan ta aurar da 'ya'ya uku, ta sake rufin ɗakinta. Ga ta da baki. In ta ga mai suya da baƙin mai, sai ta taɓe baki ta ce wannan ai na injin mota ne.

Sai mai ya yi ɓatan dabo a kasuwa. Cikin wata guda kuɗin jarka ya ninka, wata rana ma sai ta zaga shago biyar ta dawo hannu rabbana. Albashin ma'aikatan kamfanin kuwa ko motsi bai yi ba. Gwaggo ta tsorata. Gani take in ta ƙara kuɗin kifi ko kaɗan, watsewa za su yi su bar ta da ƙudaje.

Sai ga ta tana yin abin da take zagin wasu a kai. Mai ya kwana uku, ya kwana biyar. Ta samo kwali ta kare kaskon, wai saboda iska. Iskar da shekara sha tara ba ta taɓa damun ta ba!

Akwai Baba Maigadi, tsohon da ke tsaron ƙofar kamfanin, mai lalurar ciki, wanda ba ya cin suyar kowa sai tata. Rana ta shida ya ci, ya koma bakin ƙofa. Washegari da aka tashi cin abincin rana, ta hango shi a bencinsa yana tura busasshen burodi da ruwa.

"Baba, yau fushi ake yi da ni?"

"Wane ni, 'yar nan. Cikin ne ya tsufa, ya daina ɗaukar kifi."

Da zagin ta ya yi, da ya fi mata sauƙi. Tsohon ya ɗora wa cikinsa laifi don bai taɓa kawo wa ransa daga kaskonta ba ne. Kunya ta hana ta sakat yinin nan.

Da gari ya waye ta yar da kwalin. Ta bari sai da layi ya haɗu, ta juye baƙin man a gaban kowa, ta fasa sabuwar kwalba.

"Daga yau kifi ya ƙara kuɗi," ta ce. "Wanda ba zai iya ba, wallahi ban ga laifinsa ba."

"Haba Gwaggo, kifin zinare ne?" in ji wani direban kamfanin. Ya juya, mutum huɗu suka bi shi.

Sai wata mai ɗinkin katifa ta jawo ƙawarta. "Gwaggo, raba mana ɗaya biyu. Ni kai, ita wutsiya."

Ba ta taɓa sayar da rabin kifi ba, amma nan take ta ɗauko wuƙa. Ciniki ya ragu, gaskiya, sai dai bai mutu ba. Direban ma da sati ya zagayo ya dawo, yana mita yana miƙo kuɗi.

Baba Maigadi sai da ta aika masa sau biyu kafin ya zo. Ya karɓi wutsiya ya ci a tsaye, a hankali, kamar mai shan magani. Washegari shi ne farkon layi.

"Ashe cikin nawa da sauransa," ya ce yana dariya.

"Da sauransa, Baba. Man ne ya tsufa, kuma ni na bar shi."